Bazarar da Na Kashe Banda Saboda Tiramisu

Ni ban shiga aji ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Baki ne nawa, wata ke ɗaukar maganar tana sa wa takarda. To a rubuta ta yadda na faɗe ta, kada a gyara mini.

A bakin ruwan nan, daga Yelwa har gangarowa ƙasar Ngaski inda muke, in ana zancen kifin banda ba a tashi sai an ambaci nawa. Ba yabon kai ba ne, a tambayi direbobin da ke lodi zuwa kudu. Banda biyu gare ni a tsakar gida, na laka, ni na gina su da hannuna, na shimfiɗa musu waya a sama. Tun ina amarya wuta ba ta mutuwa a cikinsu sai in an yi rasuwa. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, duk wanda masunta suka sauke mini da safe, kafin ya bar gidana ya yi ja ya yi ƙyalli, ya kai wata bai yi tsutsa ba.

Maigidana kuwa kuku ne. Da ƙuruciyarsa, lokacin da ake ginin dam ɗin da ya haɗiye mana tsibiri, ya shiga aikin dafa wa Turawan Italiya abinci. Da aka gama dam ya bi wasunsu aikin hanya, ya daɗe yana yawo da su kafin ya dawo ya zauna. Har ya tsufa garin nan Kuku ake kiransa. Amma a gidana bai taɓa ɗaga murfin tukunya ba. Tun farko na gaya masa, ya yi kukuncinsa can wurin masu jajayen kunnuwa, nan madafina ne. Ya kuma kiyaye. Duk abin da na ɗora masa a gaba yana ci, ya suɗe hannu, ya ce madalla. Tsawon zamanmu ban taɓa ɗauke kwanonsa da sauran abinci ba, sai a shekarar da nake ba da labari.

Ba a daɗe da yanke mana sabuwar jiha daga Sakkwato ba. Ciwon ya soma masa lokacin sanyi, kamar wasa, wai ciki ne ke cika masa. Kafin zafi ya kankama ya daina cin tuwo. Na koma kunun tsamiya, ya kurɓa ya ajiye. Na dama fura ruwa-ruwa, ya kawar da kai. Na zaɓi tarwaɗa mai rai na yi farfesu, irin wanda ko mai jego ta ji ƙamshinsa sai ta tashi zaune, ya dubi kwanon kamar an kawo masa ƙasa. Malamin asibitin garinmu ya yi allura ya ba da ƙwayoyi, ba abin da ya sake. Mutum ya koma ƙashi da fata, zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa, ni ke tsintarsa a tabarma. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Ka dafa, ka kai, ka ɗauko, ka zuba wa makwabta, gobe ka sake.

Babban ɗanmu ma'aikaci ne. Da aka yi jiha aka maido aikinsa Birnin Kebbi, daga can yake leƙo mu. Ran wata Asabar ya zo ya ga uban, ya fito tsakar gida ya tsaya a kaina ina juya kifi.

Ya ce, "Inna, wanga ba zama ba ne. Asabar ta sama zan dawo da mota. In na iske bai cin abinci, ɗaukar shi zan yi, a kwantar da shi asibiti can wurinmu."

Na ce, "Ka tambaye shi?"

Ya ce, "Mara lahiya ba a tambayar shi, Inna."

Yaron nan gaskiya gare shi, kuma tausayi ne ya sa shi faɗa. Amma da ƙarar babur ɗin da ya kai shi tasha ta ɓace, na ji maigida yana kirana daga ɗaki. Ashe duk ya ji.

Ya ce, "Ke, zo nan. Ruwa ya tashe ni sau ɗaya daga gidan ubana, anka ɗora mu a mota kamar awaki. Ba a tashe ni sau biyu. Nan nika son mutuwa, inda nika jin injin jirgi. Kar ki bari."

Na ce, "Ni mi zan yi? In tare mota da ƙirji? Ka ji sharaɗin yaro. Ka ci abinci, shi ke nan."

Can ya ce, "Abu ɗaya nika marmari. Tiramisu."

Na san sunan. Ya sha ba yara labarinsa suna ƙanana: wani abin zaƙi mai sanyi da Turawansa ke ci bayan sun ƙoshi, biskit da aka tsoma a kofi, a jera, a lulluɓe da wani farin abu mai laushi. Ni dai ban taɓa ganinsa ba, ban kuma taɓa sha'awar gani ba.

Na ce, "Duk girkin duniyar ga, sai na mutanen da ba su san daddawa ba?"

Ya ce, "Kin tambaye ni, na faɗa miki."

Na zauna bakin tabarma ya karanta mini yadda ake yi, yana faɗa yana hutawa. Kofi mai ɗaci, a bar shi ya huce. Biskit mai kauri. Wani irin cuku mai taushi da ake kawo musu a jirgin sama, wanda ya ce kindirmo zai iya tsaya masa in an tsane masa ruwa aka haɗa da afarari, wato maiƙon nan da ke tasowa saman madara. Sukari. Garin cakulan a barbaɗa a sama. Sai ƙwai, a kaɗa shi har ya yi kumfa.

Na ce, "A soya ko a dafa?"

Ya ce, "Ɗanye."

Na ce, "A'uzubillahi. Shi ya sa ba su da kyan fata."

Ya yi dariya, ta farko da na ji tun sanyi, ta koma masa tari. Ya ce har giya suke ɗigawa, amma wannan ya yafe mini.

Ran kasuwar Yelwa na bar ƙanwarsa a wurinsa na shiga jirgin inji. Ruwa ya ja baya sosai a lokacin, sai ka yi tafiya cikin taɓo kafin ka kai inda jirgi ke tsayawa. A kantin wani ɗan kudu na sami gwangwanin kofi da na cakulan da kwalin biskit. Yana miƙo mini yana kallona, tsohuwa da zane duk toka tana sayen kayan ma'aikata. Na sayi sukari. Ƙwai ne ya ba ni wahala. Kajin garinmu annoba ta share su da sanyi, ba ta bar ko ɗan tsako ba. Zabi kuwa kowa ya sani ba sa yin ƙwai sai damina ta sauka. Sai wurin mai shayi a tasha na samu, irin na gidan gona da ake kawowa daga nesa a bayan mota. Na jera su cikin ƙaiƙayi a ƙwarya, na rungume su a cinya har gida kamar jinjiri.

A gabansa na fasa na farko. Gwaiduwar ta baje kamar ruwa. Na biyu haka. Na uku sai da na fita da kwanon waje. Zafin bazara ya gama da su tun a hanya.

Ya ce, "Abin da za a ci ɗanye, sai wanda kaza ta yi yau. Zubar."

Na ce, "To sai mu jira damina, zabi su yi."

Ya ce, "Yaron zai jira damina?"

Can sai ya ce an taɓa yi babu ƙwai. Wata rana motar kayan abinci ta maƙale musu a hanya, ga baƙi, ya kaɗa afarari kaɗai har ya yi kauri, aka ci ba wanda ya ce komai. Ya ce sai dai hannu zai gaya wa mai kaɗawa.

Na ce, "Hannun da ke daka sakwara? A kawo."

Akwai wata Bafillata da ke kawo mana nono duk rani. In ruwa ya ja baya yakan bar fili mai ɗanyar ciyawa, to nan suke kafa ruga sai damina ta kore su tudu. Mun kusa sa'a da ita, mun daɗe muna tsokanar juna. Ni ina ce mata 'yar daji, ita tana ce mini uwar kifaye. Ba ta taɓa shiga gidana ba, kullum a ƙofar zaure take sauke ƙwaryarta, ni kuwa na ɗauka kunya ce irin tasu. Na sa ta kawo mini kindirmo mai kyau da afarari a 'yar ƙwarya daban.

Na juye kindirmon a farin ƙyalle na ɗaure bakinsa, sai a rataye ya tsane. Ina zan rataye? Ƙuda a bakin ruwa da bazara ba a magana. Ni kuma tun tasowata duk abin da nake tsoron ƙuda ya taɓa, nama ne, man shanu ne, ragowar miya ce, sama da banda nake rataye shi, don ƙuda ba ya shiga hayaƙi. Haka uwata ke yi, haka kowace mace a layinmu ke yi. Ban ko tsaya tunani ba, na maƙala ƙullin a ƙotar rumfar banda, na sa kwano a ƙasa, ya kwana yana ɗiga.

Da safe ya yi kauri gwanin kyau. Na ɗauko maburgina na miya na wanke shi tas, na kaɗa afarari da sukari har kafaɗata ta yi tsami, na haɗa. Na dama kofi. Biskit na farko na bar shi ya jiƙa ya narke mini a hannu, na biyu ma haka, kafin na gane tsomawa ake yi a cire, kamar mai taɓa ruwan zafi. Na jera a langa, na shafa farin, na sake jerawa, na sake shafawa, na barbaɗa cakulan ta cikin rariya. Na rufe, na ɗora a bakin randa, na lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Raina bai so ba, don a iya sanina mara lafiya abu mai zafi ake ba shi, amma ya ce in ba sanyi ba shi ba ne.

Bayan la'asar na kai masa. Wallahi abin ya yi kyan gani. Ya tashi zaune da kansa, idonsa ya yi haske. Ya ɗebo a cokali ya kai baki. Sai na ga fuskar ta sauka. Ya juya ya tofar a kasko.

Ya ce, "Kihi."

Na ce, "Wane kihi? Ina kihi a nan?"

Ya ce, "Hayaƙi da ƙarni. Ɗauke, don Allah, zuciyata tashi takai."

Na ɗanɗana. Zaƙi na ji, da ɗaci-ɗaci, da tsamin nono. Ba kifi ko kaɗan. Na ce a raina ciwo ne ya ɓata masa baki, ko kuwa wulaƙanci ne na tsufa. Na fita na bar masa ɗakin. Ranar ko sannu ban ƙara ce masa ba.

Washegari da Bafillatar ta zo na fito mata da langar ƙofar zaure. Su ba sa cin kifi, na san hancinta ba zai yi mini kara ba. Na ce, "'Yar daji, shinshina mini wanga."

Ko murfin ban gama ɗagawa ba ta ja baya ta toshe hanci da gefen mayafi.

Ta ce, "Subhanallahi! Nonon nawa kinka yi wa haka? Mi ya yi miki?"

Na ce, "Ke ma kihin kika ji?"

Ta ce, "Uwar kifaye, ke ba ki sani ba? Ke duka banda ce. Zanenki, hannunki, kuɗin da kika ba ni sai na shanya su kahin in sa a lalita. Don mi kika ga ban shiga gidanki? Nono shina kwasar wari kamar yaro da zancen manya."

Tana faɗa tana dariya, ba da mugunta ba. Ni kuwa na tsaya riƙe da langa. Na kai bayan hannuna hanci, ban ji komai ba, hannu ne kawai. Ashe shekara da shekaru hancina ya mutu a kan abin da kowa ke ji tun daga nesa. Ashe mutumin nan da ya saba da farin kicin na Turawa, haka ya yi ta cin tuwona da furata da kununa, duk da hayaƙi a ciki, yana cewa madalla. Da yana da ƙarfi ya haɗiye. Yanzu da ciki ya ƙi, ba ya iyawa. Na tuna farfesun da na yi ta kai masa ina jin haushi.

Na koma ciki na tsaya a gaban bandana. Akwai kifi a kai bai gama ba. Na kwashe shi na aika wa makwabciya ta ƙarasa, na ɗebo ruwa na kashe wutar. Matan layi suka leƙo a guje, don a garinmu in hayaƙin gida ya ɗauke da rana, rasuwa aka yi. Na ce musu yana nan da ransa, ku koma. Da masunta suka zo da safe na ce su kai wa wata. Babbansu ya ce, "Inna, kin san kihi bai jira, in munka saba da wata ƙofa shi ke nan." Na ce na sani.

Na sayi sabuwar ƙwarya, sabon maburgi, sabon ƙyalle, sabuwar langa, da 'yar sabuwar tukunyar ƙasa. Na yi wanka da sabulun salo, na dirje hannuna da toka da lemun tsami har suka yi ja, na ciro zanen da ke ƙasan adaka. Ran Juma'a da sassafe na ɗauki kayan na nufi ruga. Tafiya ce mai nisa a kan busasshen taɓo da ya tsattsage, ba inuwa ko ta kara.

Bafillatar ta tare ni tun kafin in kai wurin ƙorenta. Ta shinshina ni kamar saniya da baƙon maraƙi.

Ta ce, "Da sauƙi. Amma zauna can, inda iska ka tahiya. Kar ki taɓa komi."

Ni da ban taɓa bari wata mace ta sa mini hannu a girki ba, ko surukata sai dai ta yi wanke-wanke, ga ni zaune a kan turmi nesa da abincin mijina, ina nuni da baki. Ita ta ɗaure kindirmon ta rataye a reshen wata ƙaya, ta sa ƙyalle ta kare ƙuda. Na koma gida, na sake dawowa da asubar Asabar. Ita ta kaɗa afararin. Nan kam na sara mata, don hannunta ya san madara, ta san daidai inda za ta tsaya kafin ya juye ya zama man shanu. Da ta buɗe kofin ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Wanga maganin mi ne?"

Na ce, "Ba magani ba ne, abin daɗi ne."

Ta ce, "Kaɗo dai bai da wayo. Ga nono mai kyau, sai an zuba mai ɗaci."

Na ce, "Tsoma ki cire, ke dai! Kin bar shi shina wanka!"

Ta ce, "In kin iya, zo ki yi mana, a ji ƙamshi."

Haka muka yi ta yi har aka gama jerawa. Ta barbaɗa cakulan, ta rufe, ta naɗe langar a jiƙaƙƙen ƙyalle ta ɗora mini a kai da kanta. Ban shiga da ita gida ba. A gindin darbejiyar ƙofar zaure na tona rami, na zuba jiƙaƙƙen yashi, na kafa sabuwar tukunyar da ruwa, na zaunar da langar a bakinta. Na zauna ina gadi, ina yayyafa ruwa in tsumman ya bushe, ina korar awaki. Ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an sassare shi.

Wajen la'asar mota ta tsaya. Ɗanmu ya fito, na hango ya shimfiɗa katifa a baya har da matashi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya dubi tsakar gida ya ga ba hayaƙi, na ga gabansa ya faɗi. Na ce shiga, yana ciki.

Na ɗauko langar na bi shi. Uban ya sa an jingina shi da bango, ya sa hularsa. Na buɗe. Cokali ya shiga ya fito da abin a tsaye, fari da ruwan ƙasa hawa-hawa, bai rushe ba. Na miƙa masa cokalin don kada hannuna ya matso shi, amma ya kasa kaiwa baki. Yaron ya ce, "Kawo in ba shi, Inna."

Uban ya ce, "Bar uwarka ta ba ni."

Na karɓa na kai masa baki. Ina kallonsa, na ga ya ɗauke numfashi daidai lokacin da hannuna ya iso, sai da na janye ya sake shi. Ya juya abin a baki, ya haɗiye. Muka jira. Bai dawo ba. Ya buɗe baki na ƙara. A hankali a hankali, yana ci yana hutawa, gumi na tsattsafo masa, har ya ci gefe guda na langar. Sannan ya ɗaga hannu, ya nemi ruwa.

Yaron ya sa yatsa ya lakato ya ɗanɗana. Ya ce, "Baba, mine ne wanga?"

Ya ce, "Abincin manya ne. Ku ma'aikatan sabuwar jiha ba ku kai nan ba tukuna."

Yaron ya yi dariya, idonsa da ƙwalla. Ya ce, "Kullum haka shika ci, Inna?"

Na ce, "Ga shi ka gani da idonka."

Ya daɗe zaune yana kallon uban. Ba yaro ba ne ƙarami, na san ya gane abin da ya gane. Ya tashi ya fita, na ji ya buɗe mota. Sai ga shi da katifar a kafaɗa, ya shimfiɗa wa uban a ɗaki, ya ce tabarma ta yi masa tauri. Ya kwana, da safe ya koma shi kaɗai.

Da motar ta tafi na shiga ɗaukar kwano. Maigida ya ce, "Wa ya yi?"

Na ce, "Hannun Bafillata, bakina."

Ya ce, "Ke kinka zauna wata ta yi?"

Na ce, "Na zauna. Ya yi daidai da na Turawan naka?"

Ya ce, "Ko kusa. Nasu bai da tsami, kuma biskit ɗin ba irin shi ba ne. Amma shina zama a ciki."

Na ce, "Shekarun ga duka, don mi ba ka taɓa ce mini abincina na warin hayaƙi ba?"

Ya ce, "Hayaƙin ne ya ciyar da mu. Kuma wa ke da ƙarfin faɗa miki magana?"

To daga nan fa aiki ya same ni. Abin ba ya kwana biyu a zafin nan, sai sabo. Na koya wa Bafillatar ta riƙa rataye ƙullin da kanta, ni kuma in tashi da sassafe in taka taɓon nan in je in zauna a turmina, in dawo da langa a kai kafin rana ta yi tsaka, in zauna gadin tukunya. In kofi ko biskit ya ƙare in shiga jirgi zuwa Yelwa. Wata rana ya ci da dama, wata rana ya lasa kawai. Daga baya ya soma karɓar kunu in ƙanwarsa ce ta dama a gidanta. Ni dai ban sake dafa masa komai da hannuna ba, sai dai in ba shi a baki, kullum kuwa sai ya ce ni zan ba shi. Bandana suka yi sanyi, ƙadangaru suka tare a ciki. Masunta suka saba da wata ƙofa kamar yadda suka faɗa. Ɗanmu ya ci gaba da zuwa, yana kawo magani, bai sake zuwa da zancen mota ba.

Ba warkewa ya yi ba, kada a rubuta haka. Ya dai zauna inda yake so. Da yamma mukan fito da shi zaure a kan katifar nan, ya fuskanci ruwa, yana gane jirgin kowa da ƙarar injinsa. Hadari ya soma haɗuwa a gabas, Fulani suka soma ɗaure kaya. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka. Wata safiya bayan ya yi sallah a zaune ya ce in gyara masa matashi, na gyara, shi ke nan. Allah Ya jiƙansa. A maƙabartar garin nan yake, kan tudu, ana hango ruwa daga wurin.

Har yau akwai masu cewa da an kai shi birni da ya ƙara kwana. Mai yiwuwa. Ni abin da ya roƙe ni shi na yi.

Ina cikin takaba Bafillatar ta zo sallama, za su hau tudu. Ranar ce kaɗai ta taɓa shigowa gidana, har ɗaki. Ta yi mini gaisuwa, ta ajiye 'yar ƙwarya a gabana ta buɗe. Ƙwan zabi ne, sababbi, na farkon damina. Ta ce tun kafin ta ji rasuwar ta sa a tara mata, ta ga ba ta da inda za ta kai su.

Na dafa su na raba wa matan da ke taya ni zama. Da na fita takaba na share banda ɗaya na hura wuta. Ɗayan ban sake taɓa shi ba, kifin da ke zuwa ƙofata yanzu bai kai na biyu ba.